Uban dabar da abokansa suka kashe don su ceci mai farautarsu

Ticha Mai Ritaya:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya zafi ya hana ni barci, ga ba wuta, sai na koma kan wani labari da na daɗe ina juya shi a raina. Na wani uban daba ne na birnin New York, zamanin da Amurka ta haramta giya. Dutch Schultz ake ce masa, amma sunansa na gaskiya Arthur Flegenheimer, ɗan wasu Yahudawa da suka yi ƙaura daga Jamus. Uban ya tafi ya bar su tun yana yaro, uwar ce ta yi ta fama da shi a unguwar Bronx. Sau ɗaya tak ya taɓa zaman kaso a rayuwarsa, kan fasa gida yana matashi. Da ya fito ya ari sunan wani tsohon ɗan daban unguwar ya liƙa wa kansa.

A watan Janairun 1920 dokar hana giya ta fara aiki. Shi da abokinsa Joey Noe suka sayi motoci suna raba giya a mashayun ɓoye. Giyar tasu ba ta da kyau, kowa ya sani, amma mai mashayar da ya ce ba ya so, to ya shirya jinya. Kafin ka ce kwabo Bronx ta zama tasu.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙarshensa. A 1935 aka naɗa wani matashin lauya, Thomas Dewey, ya zama mai gabatar da ƙara na musamman kan 'yan daba. Ya sa Schultz a gaba. Schultz ya je wurin manyan 'yan uwansa a sana'a, su Lucky Luciano da Lepke Buchalter, ya ce a kashe Dewey. Suka ce a'a. Ya ce to shi zai yi da kansa. Ranar 23 ga Oktoban 1935, da dare, mutum biyu suka shiga wani gidan cin abinci a Newark, Palace Chop House, suka harbe shi da yaransa uku. Washegari ya cika a asibiti, bai kai shekara 35 ba.

Wato 'yan daba ne suka kashe ɗan daba don su ceci ran mutumin da ke farautarsu. Tambayata gare ku: wayo suka yi ko wauta?

Auta:
Wa alaikumus salam Baba Ticha. Ni dai na ɗauka duk irin waɗannan 'yan Italiya ne, yadda ake nuna mana a fim. Ashe har da Bayahude?

Ticha Mai Ritaya:
Auta, kasuwar kowa ce ta ci. Akwai 'yan Italiya, akwai Yahudawa, akwai 'yan Ayalan. Yawancinsu 'ya'yan baƙin haure ne da suka taso a unguwannin talakawa. Mutanen biyu da suka harbe shi ma, Charles Workman da Mendy Weiss, Yahudawa ne kamarsa.

Mai Shayin Kwana:
Wayo suka yi mana, Ticha. Ni ba boko na yi ba, amma na san kasuwa. In kana da tebur a bakin titi, kuna zaman lafiya da hukuma, kowa ya san abin da yake bayarwa a wata, sai wani mahaukaci a cikinku ya ce zai je ya mari babban jami'i, ai ku za ku fara riƙe shi. Don in ya yi marin, ba teburinsa kaɗai za a kwashe ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a irin wannan, har maƙwabta sai sun jiƙe.

Lauyan Gobe:
Kawu Mai Shayi, lissafin nan naka shi ne ainihin lissafin da suka yi, amma dubi inda ya kai su. Ko shekara ba a yi ba, a 1936, wannan Dewey ɗin da suka ceta ya gurfanar da Luciano kan tafiyar da gidajen karuwai, aka yanke masa shekara 30 zuwa 50. Lepke kuwa, a watan Maris na 1944 aka zaunar da shi a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing, shi da Mendy Weiss ɗin nan a dare ɗaya, kan wani kisa daban. Ka san waye gwamnan jihar New York a lokacin, wanda a hannunsa ikon sassauci yake? Dewey. Ina wayon?

Mai Shayin Kwana:
To ai Luciano bai mutu a kurkuku ba ko? Ɗana, ka faɗi ragowar.

Lauyan Gobe:
Gaskiya ne Kawu. A 1946 Dewey ɗin ne dai ya sassauta masa aka tasa ƙeyarsa zuwa Italiya.

Mai Shayin Kwana:
Ka gani. Da sun bari an kashe lauyan nan, da ko gawarsa ba za ta ga Italiya ba.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kun tsaya kuna auna wayon ɓarayi, kun bar mutanen da aka tatsa. Baba Ticha, ka yi maganar giya ka tsallake caca, alhali a nan ya fi cin zalin talaka. Ni wannan ɓangaren ne ya tsaya mini a wuya.

A unguwar Harlem ta baƙar fata akwai wata cacar lamba. Ka zaɓi lamba uku, daga 000 zuwa 999, ka sa ɗan abin da kake da shi, ko da kwabo ɗaya ne. In ta fito a ninka maka sau 600. Ku lura, hanyar ci ɗaya ce cikin 1,000, amma biya sau 600, tun daga nan an riga an yanke ka. Baƙaƙen ne ke tafiyar da abinsu, sauran 'yan daba ma raina sana'ar suke yi, wai kuɗin kwabbai ne. Da Schultz ya hango dokar giya ta kusa faɗuwa, sai ya shigo da bindiga ya ce wa masu cacar ko su koma ƙarƙashinsa ko su bar gari.

Bai tsaya nan ba. Lambar da ke ci ana ciro ta ne daga jimillar kuɗin da aka zuba a filin sukuwar dawaki a ranar, don kowa ya yarda babu maguɗi. Sai ya ɗauko wani gwanin lissafi, Otto Berman, wanda aikinsa shi ne in ya ga lambar da mutane suka fi sa wa kuɗi tana shirin fitowa, ya zuba wasu kuɗi a filin sukuwar a minti na ƙarshe jimillar ta sauya. Wato mai wanki da mai shara su yi mafarki, su tashi su kai kuɗin cefane, alhali an riga an toshe ƙofar.

Na san wannan ciwon a gida. Ƙanin mijina ɗan sahu yake ja. Akwai wani ɗan littafi da yake ɓoyewa ƙarƙashin kujerar mashin ɗin, duk ya cika shi da lambobi, jan biro da shuɗi, wai yana bin sawun wadda za ta fito. Ran nan matarsa ta aiko yarinya da kofi a san mata garin kunu, shi kuwa a ranar na ga takardun caca har huɗu sun leƙo daga aljihun rigarsa. In ka yi magana ya ce saura ƙiris. Shekara uku ke nan saura ƙiris.

Ticha Mai Ritaya:
Kin yi gaskiya 'yata, na karɓi gyara. Kuma Berman ɗin nan yana cikin ukun da aka harbe tare da shi a daren. A kan teburin suna cikin duba lissafin kuɗi aka same su.

Uwar Biyu:
Allah Sarki duniya. Kuma Baba, a cikin masu cacar Harlem wadda ta ƙi durƙusa masa mace ce, Stephanie St. Clair, 'yar tsibiran Karibiyan masu jin Faransanci. Maza da yawa sun miƙa wuya, ita ta ƙi. Ta dinga sayen fili a jarida tana tona asirin 'yan sandan da ke karɓar na goro. Da ta ji yana kwance rai a hannun Allah, ta aika masa telgiram har asibiti da ayar nan ta Baibul mai cewa abin da ka shuka shi za ka girba. Ban ce sana'arta ta halal ba ce, ita ma kwabban talaka take ci. Amma dai ta burge ni, ba zan ɓoye ba.

Auta:
Anti ai wannan ita ce ta iya rashin mutunci. Mutum na shure-shuren mutuwa ki aiko masa da wa'azi.

Ɗan Zangon Bronx:
Salamu alaikum 'yan uwa, yanzu na ajiye mota na ga zancen unguwarmu ake yi. Shekarata 14 a Bronx ina tuƙin tasi. Titi na 149 inda aka ce nan ofishinsa yake, kusan kullum sai na bi ta nan. Yau in ka tsaya ka tambayi mutum 100 waye Dutch Schultz, da wuya ka samu biyu. 'Yan Afirka ta Yamma ne da masu jin Sifaniyanci suka cika wajen, ga masallatanmu, ga masu sayar da wake da shinkafa. Newark kuma ina kai fasinja filin jirginsu, tsallaken kogi ne kawai.

Abin da zan ƙara, ba da son ransa ya koma Newark ba. Magajin garin New York na lokacin, La Guardia, shi ya ba 'yan sanda umarni duk inda suka gan shi a birnin su kama shi. Sai ya tsallaka jihar New Jersey ya mai da bayan gidan abincin nan ofis. Mutumin da ya riƙe Bronx da Harlem ya koma ɓuya a ɗakin baya.

Lauyan Gobe:
Yaya na Bronx, dalilin wannan umarni shi ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin, a matsayina na mai karatun shari'a. Gwamnatin tarayya ta tuhume shi da ƙin biyan haraji a 1933, irin tarkon da ya kama Al Capone, uban daban Chicago, a 1931 aka ba shi shekara 11. Schultz ya ɓuya kusan shekara biyu, sannan ya miƙa kansa. Shari'ar farko a Syracuse, mutum 12 da ke taya alƙali yanke hukunci suka kasa haɗa baki. Sai aka mai da shari'ar wani ɗan ƙaramin gari, Malone, can kusa da iyakar Kanada.

Me ya yi? Ya riga kotu isa garin. Ya tare a otal, ya dinga shiga shaguna yana gaisawa da mutane, ya biya wa kowa abin sha, ya kai wa yara marasa lafiya kayan wasa a asibiti, ya ba da gudummawa nan da can. Manoma suka ga mutum mai fara'a da sakin hannu, ga shi gwamnati ta taso shi a gaba kan haraji, abin da su ma ba ƙaunarsa suke yi ba. Daga cikinsu aka zaɓo mutum 12 ɗin. Suka wanke shi tas. Alƙalin kansa sai da ya zazzage su a bainar jama'a. Wannan wankewar ce ta sa La Guardia ya ba da umarnin.

Kuma ku sani, a watan Maris na 1935, a wani otal a garin Cohoes, ya sa wa yaronsa Jules Martin bindiga a baki ya harba, kan zargin ya taɓa kuɗi. A gaban lauyansa Dixie Davis ya yi, lauyan ne ya ba da labarin daga baya. Hannun da ya raba wa yara kayan wasa ke nan.

Mai Shayin Kwana:
Hmm. Wannan rabon na Malone kamar na taɓa ganin irinsa. Ba zan ce komai ba, kakar zaɓe ta kusa.

Auta:
Kawu faɗi mana, taliya ce ko atamfa?

Ɗan Boko Zalla:
Ni duk kun kauce wa tushen. Wa ya ƙera Schultz? Doka. Yaron da ke fasa gida yana satar tarkace, da ba a haramta giya ba da a haka zai ƙare, ko ya zama direban babbar mota. Gwamnati ta ɗauki abin da miliyoyin mutane ke sha ta miƙa wa 'yan daba kyauta. Shekara 13 ana abu ɗaya, a Disambar 1933 suka soke dokar da hannunsu. Duk abin da ka hana alhali mutane na so, farashinsa ka ƙara, kuma ka zaɓar masa 'yan kasuwa marasa imani. Ko a nan gida ya kamata mu yi tunani a kai.

Alaramma:
Malam Ɗan Boko, na san inda ka dosa, bari in tare ka tun kafin ka isa. Kuskuren Amurka ba haramcin ba ne, yadda aka yi shi ne. Ka duba dokar tasu: sarrafawa da sayarwa da safara ta hana, shan kansa ba laifi ba ne. Likita na iya rubuta maka wuski a matsayin magani. Mai kuɗin da ya cika rumbunsa kafin dokar ta fara, halalinsa ne ya sha. Waɗanda suka kafa dokar da masu tsaronta da yawansu suna sha a ɓoye. Wannan ai ba hani ba ne, wasa da hankali ne.

Mu a wurinmu ba rana ɗaya aka hana giya ba, mataki-mataki aka bi. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. Sai da aka gina zukata tukuna. Ranar da hanin ya zo, da hannunsu suka tuntsurar da tuluna a titunan Madina, ba ɗan sanda ko ɗaya.

Ɗan Boko Zalla:
Allah gafarta Malam, ai maganata ka ƙarfafa. Ka ce sai zuciya ta yarda doka ke aiki. To inda zuciyar ba ta yarda ba fa? Nan ne su Schultz ke tsirowa.

Alaramma:
Inda ba ta yarda ba sai a yi aikin gina ta, ba a buɗe mashaya ba. Kuma ka amsa mini wannan: an soke dokar a 1933, shi kuwa a 1935 aka kashe shi yana tsakiyar cin kasuwa. Da me yake ci a shekara biyun nan?

Uwar Biyu:
Da caca, Malam. Da kuma harajin dole da ya ɗora wa masu gidajen abinci, wanda ya ƙi biya a jefa masa bam mai wari ana tsakar cin abinci, ko a tayar masa da yajin aikin ma'aikata.

Ɗan Boko Zalla:
Na yarda, amma jarin da ya sayi bindigogin da 'yan siyasar da su daga giya ya fito. Jimmy Hines, babban ɗan siyasar da ke kare masa cacar, ai ba da kwabbai aka fara sayensa ba. Sai 1939 aka iya ɗaure shi.

Ticha Mai Ritaya:
Ku biyun nan ba za ku gama yau ba, kuma kowannenku na riƙe da ƙafa ɗaya ta gaskiya. Bari in dawo da ku daren da aka harbe shi, don akwai abin da ban faɗa ba.

Shirin da aka yi wa Dewey shi ne a same shi a wani kantin magani kusa da gidansa, inda yakan tsaya da safe ya buga waya. Abin ya ba ni mamaki, don a 1932 haka aka kashe Vincent Coll, tsohon yaron Schultz da ya yi masa tawaye: yana cikin akurkin tarho a kantin magani aka yi masa ruwan harsashi. Rikicin nasu ne ya ci ran wani yaro ɗan shekara 5 da ke wasa a bakin titi a 1931. Wato tsohuwar dabararsa Schultz ya so ya maimaita.

A daren, ƙarfe goma da 'yan mintuna, Schultz ya tashi ya shiga banɗaki. A nan harsashi ya same shi a ciki. Ya fito yana dafe da bango, ya zo ya kife a kan tebur. Akwai hotonsa a haka, kansa a kan teburin. A asibiti aka yi masa aiki, amma cikin ya riga ya harbu, zafin zazzaɓi ya haura digiri 41. 'Yan sanda suka zaunar da mai ɗaukar rubutu a gefen gadon ko zai faɗi wanda ya harbe shi. Ba su samu sunan da za su riƙe ba. Abin da aka rubuta sambatu ne: yana kiran uwarsa, yana roƙon a ƙyale shi, yana zancen miyar wake. Mutumin da birni guda ke tsoro.

Auta:
Miyar wake kuma? Innalillahi. Baba Ticha wallahi tsigar jikina ta tashi.

Ticha Mai Ritaya:
Kafin ya cika ya nemi a kira masa limamin Katolika, aka yi masa abin da suke yi wa mai barin duniya. A maƙabartar Katolika aka binne shi, uwarsa kuma ta sa aka lulluɓa masa mayafin addu'ar Yahudawa. Ita dai har ƙarshe ɗanta ne Arthur.

Uwar Biyu:
Ita kaɗai na tausaya wa a duk labarin. Ita da uwar yaron nan ɗan shekara 5.

Lauyan Gobe:
Baba, shi Workman da ya yi harbin, sai 1941 aka kama shi da laifin, bayan wani abokin aikinsu Abe Reles ya fara tona wa hukuma asirinsu. Ɗaurin rai da rai aka yi masa, ya yi shekara 23 aka sake shi a 1964. Wai a daren ma da ya fito daga gidan abincin ya tarar abokan tafiyarsa sun ja mota sun bar shi, da ƙafa ya kama hanya.

Mai Shayin Kwana:
Ka ji amanar ɓarayi. Ni tambayata ɗaya, duk kuɗin nan ina suka shiga?

Ɗan Zangon Bronx:
Kawu ka taɓo inda ake so. Labarin da ake yi a nan shi ne kafin a kashe shi ya sa an ƙera masa akwatin ƙarfe, ya zuba kuɗi da lu'ulu'u na kimanin dala miliyan 7, shi da mai tsaronsa Lulu Rosenkrantz suka kai duwatsun Catskill suka binne kusa da wani ƙauye, Phoenicia. Su biyu suka san wurin, su biyun kuma dare ɗaya aka harbe su. Har yau akwai masu zuwa da na'urar neman ƙarfe suna tone-tone a bakin rafi. Ba wanda ya taɓa nuna ko sisi.

Mai Shayin Kwana:
Daga wurinka awa nawa ne a mota?

Ɗan Zangon Bronx:
Kamar biyu da rabi in hanya ta yi kyau.

Mai Shayin Kwana:
To me kake jira, Alhaji? Ni zan aiko da shebur da diga, a raba uku, kaso ɗaya na Ticha tunda shi ya kawo labarin.

Alaramma:
Dukiyar giya da caca ce dai, kada a sa da ni.

Ɗan Zangon Bronx:
Ku bari sai bazara. Yanzu ƙasar can ta daskare, ko diga ba ta shiga. Ga fasinja ya tsayar da ni, sai anjima.